Ko Noti Ɗaya

Mota, yadda kamfani ya ƙera ta tun farko, abu ce cikakkiya. Duk wanda ya canza mata ko noti ɗaya ya ci amanar injiniyoyin da suka fi shi ilimi, ya kuma tona wa kansa asiri cewa shi matsoraci ne. Direba na gaskiya ba ya buƙatar birkin zamani. Ƙafarsa da hankalinsa sun ishe shi.

Wannan shi ne ra'ayin Ciyaman na Ƙungiyar Masu Motocin Asali. Ya faɗe shi a wajen taro, ya faɗe shi a wajen biki, har a wajen ta'aziyya ya taɓa faɗarsa. A safiyar da aka kira Sufeto, ra'ayin yana nan daram. Mai ra'ayin ne kwance a gefen titi, kansa a fashe.

Titin ya gangaro ne daga unguwar kan tudu, inda masu hali ke gina gidajensu don su riƙa kallon sauran jama'a daga sama. A ƙarshen gangaren akwai muguwar kwana, bayanta kwazazzabo. Motar Ciyaman, wata koriya da ta girmi Sufeto, tana tsaye gab da kwanar, an tokare tayarta da dutse.

Sufeto ya tsuguna a kan gawar. Da sifanar taya aka yi aikin, ga ta nan yashe, jini da gashi sun manne mata. Hannayen Ciyaman duka biyu a karye suke, alamar ya yi ta kare kansa. Haƙarƙarinsa ya lotsa. Mai dukan bai tsaya ba da mutumin ya daina motsi, ya ci gaba har fuskar ta daina zama fuska. Can tsakiyar kwalta ga haƙori guda, ƙudaje sun riga 'yan sanda gano shi.

Daga gaban motar zuwa inda gawar take, akwai sawun jan ƙafa a ƙasa. A jikin motar kuwa babu ko ƙwarzane.

"Wanda ya yi wannan ba shi da imani," in ji Saje.

"Amma yana da ladabi," in ji Sufeto. "Sai da ya ja shi nesa da fenti kafin ya fara."

Saje ƙato ne, mai sauƙin tunani. A saninsa kowane laifi yana da mai shi guda ɗaya, kuma mai shi yana da haƙarƙari. Shi kuwa Sufeto ya yi shekaru a sashen haɗurran mota, inda aka jefa shi saboda ya taɓa yi wa wani babban mutum tambaya ta biyu bayan an ba shi amsar ta farko. A can ya koyi kwanciya a ƙarƙashin mota.

Ya cire hularsa ya kwanta. Tiyon da ke kai man birki tayoyin baya an yanka shi da reza, ba duka ba, an bar ɗan siriri yadda ba zai fashe ba sai an taka birki da ƙarfi a gangare. Ya kuwa fashe. Wayar birkin hannu ma an tsinke ta. A gaba ba a taɓa komai ba.

Da ya miƙe, sai idonsa ya faɗa kan ragar gaban motar. Akwai wani ɗan da'ira da ya fi sauran ƙarfen haske, inda wani abu ya daɗe a manne. Abin babu shi. Amma notinsa biyu suna nan a ramukansu, an ɗaure su tsaf, ɗaya da ɗan jini a kansa.

"Ɓarayi ne, yallaɓai," in ji Saje.

"Ɓarayin da suka bar agogo da walat, suka kwance abu suka mayar da noti?"

"Ɓarayin yanzu sun yi boko."

Kafin janwe ta zo ɗaukar motar, 'yan kallo sun riga sun gaya wa Saje cewa mutum ɗaya ne a duniya Ciyaman ke bari ya taɓa ta, wani bakanike da ya raɗa wa kansa suna Gwani. Saje ya shiga motar sintiri yana murza yatsu.

A harabar caji ofis, direban janwe ya sauke motar ya tambayi wanda zai biya shi. Aka ce ya jira. Ya samu inuwa ya zauna, da alama ba yau ya fara jin wannan amsar ba.

Sufeto ya shiga mazaunin direba ya sa kurata biyu su tura. Da motar ta ɗan ɗauki gudu sai ya taka birki. Fedar birkin ta nutse, ta nutse, har ya fara tunanin katangar da ke gabansa, sannan can ƙasa ta cije. Motar ta dunguri gaba ta tsaya. Kuratan suka buga ƙirji da but ɗin motar.

Bai kamata ta tsaya ba. Motocin wancan zamanin masta ɗaya gare su mai hanya ɗaya, wato 'yar tukunyar da ke tura man birki zuwa tayoyi huɗu. Tiyo ɗaya ya fashe, man ya tsiyaye, shi ke nan, sai salati. Sufeto ya kwashe gawarwaki da yawa daga irin waɗannan motocin.

Ya kori kuratan ya ɗaga bonet. Injin na ƙyalli kamar ana cin abinci a kansa. A kusurwa ga wata 'yar rigar fata da aka ɗinka don rufe masta, an fizge ta har ɗinkin ya ɓalle. A ƙarƙashinta masta ce mai hanya biyu, irin ta zamani, gaba daban baya daban, ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. An shafa mata baƙin fenti don ta yi kama da tsohuwa.

Sufeto ya daɗe yana kallonta. Sannan ya rufe bonet a hankali, kamar mai rufa wa wani asiri.

Tun daga baranda ya fara jin ƙarar duka. Da ya tura ƙofar ɗakin tambayoyi, Gwani na ƙasa, leɓensa a tsage, ido ɗaya ya rufe, takalmin Saje a kan hannunsa na dama. Yatsu biyu sun riga sun kalli inda yatsu ba sa kallo.

"Ya kusa faɗa, yallaɓai."

"Ɗaga ƙafarka. Fita."

Sufeto ya ja kujera. Gwani ya jingina da bango yana rungume da hannunsa.

"Yallaɓai, wallahi ban taɓa birkin motar nan ba. Baƙin mai kawai nake canza mata."

"Wa ya sa mata masta mai hanya biyu?"

Idon da ya rage ya ƙifta. "Kamfani."

"Kamfani ne ya dawo ya yi mata fenti ya ɗinka mata riga?"

Sufeto ya matso da kujerarsa.

"Saurara. Oga ya riga ya sa an fara buga takardar kai ka kotu. Laifin kisa. Ƙaryar da kake yi ita ce igiyar."

"Ya rantsar da ni," in ji Gwani da kumburarren baki. "Ya ce ran da na faɗa, zai gaya wa 'yan ƙungiya ni na sa masa ba da saninsa ba. Motocinsu ne abincina."

"Ya mutu."

"Su ai ba su mutu ba."

"Yaushe ka sa?"

"Bayan haɗarin 'yar ƙanwarsa. Ba a gama zaman makoki ba ya kawo motar, ya sa na sallami ma'aikata na kulle gareji. Yana tsaye a kaina har na gama. Da ya taka ya ji ta kama, sai ya ce mini, Gwani, ka manta." Ya tofar da jini. "Na manta, yallaɓai. Saje ne ya ƙi yarda."

Oga, shugaban caji ofis, yana sauraron bayani ne kamar yadda wasu ke sauraron ruwan sama, yana jiran ya ɗauke.

"Wanda ya yanka tiyon nan ya san mota," in ji Sufeto. "Har birkin hannu bai manta ba. Amma gaba bai taɓa ba, domin ya yi imani tiyo ɗaya ya isa. Gwani ne ya sa mastar da hannunsa. Da shi ne, biyu zai yanka. Muna neman wanda ya san tsohuwar mota sarai, kuma ya yarda da maganar Ciyaman."

"Kotu ba ta cin ilimin birki," in ji Oga. "Mutumin nan babba ne, waya ta ishe ni. Ka kawo mini wani kafin a tashi aiki. In ba ka kawo ba, wanda ke hannu shi ne."

Gidan Ciyaman na can saman tudu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsa ce ke kula masa da gida. Tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Ita da mijinta suna zaune a ɗan sashen da ke bayan gidan, mijin kuma shi ne Sakataren ƙungiyar.

Ta tarbi Sufeto a falo, idanunta a bushe, hannayenta a jiƙe.

"Allah ya ba da haƙuri, Malama. Wa ke da makullin gareji?"

"Yaya yana da ɗaya. Ɗayan yana jakata."

"Yana fita daga jakar?"

"Ba ya fita."

"Mijinki fa, ina yake da safen nan?"

"Yana ɗaki. Bai fita ba sai da labari ya zo, ya tafi sanar da 'yan ƙungiya."

Ta tagar da ke bayanta Sufeto na hango igiyar shanya. Farar riga ɗaya ce a kanta da wando, suna ɗiga. Takalmi ma an wanke an jingine. Ya ɗauke kai ya kalli bango. Hoton wata budurwa ne, ta jingina da wata tsohuwar mota fara, tana kaɗa makulli a yatsa tana dariya.

"'Yarki ce?"

"Ita kaɗai ce."

"A ina haɗarin ya faru?"

"Inda kuka ɗauko Yaya. Ita dai ta wuce kwanar." Malama ta goge hannu da gefen mayafinta. "Motar ubanta ce. Birki ya tsinke."

"Bai gyara birkin ba ne?"

"Ya sayo wani abin birki na zamani. Yana cikin kwalinsa a kan teburin cin abinci, har na yi masa faɗa ya ɗauke. Yaya ya shigo ya gani. Ya ce masa, ƙanina, kai da kake Sakatare? In ka sa wannan, da hannunka za ka cire wa kanka bajo a gaban kowa. Sai ya mayar kanti."

"Bajo?"

"Wani ɗan ƙarfe da suke mannawa a gaban mota." Ta yi wani abu mai kama da murmushi. "Manyan mutane ne, yallaɓai. Dole su samu abin wasa."

"Mijinki yana tuƙi har yanzu?"

"Tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Da ƙafa yake sauka kullum da safe, ya tsaya a kwanar nan ya..." Ta tsaya. Ta ji abin da ta faɗa. "Ban da yau," in ji ta.

"Ban da yau," in ji Sufeto, ya miƙe.

Ƙungiyar tana taro ne a wani tsohon sito da aka gyara, ciki motoci a jere an lulluɓe su da mayafai, sun fi 'ya'yan wasu samun kulawa. Yau ranar taro ce dama, sai aka juya shi zaman jimami ba tare da an canza kujeru ba. Dattawa kusan goma, duk masu furfura da digiri. Wani tsohon alƙali ya riga ya matsa kusa da kujerar Ciyaman, bai dai zauna a kanta ba tukuna.

Sufeto ya gaishe su, ya bar Saje a bakin ƙofa.

"Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, tunda ku ne masana. An yanka tiyon birkin Ciyaman, amma motar ta tsaya kafin kwana. Ta yaya?"

"Ƙarfen da!" in ji tsohon alƙali yana buga tebur. "Motar asali tana da hankali, ɗana. Ba irin gwangwanayenku ba."

"Gwaninta ce," in ji wani likitan haƙori. "Sauke giya ya yi, daga uku zuwa biyu zuwa ɗaya. Ni ma na taɓa yin haka."

"Kai da ko ribas sai an yi maka?"

Suka kaure da gardama, kowa da hujjarsa, kowa ya fi kowa sanin marigayin. Mutum ɗaya ne bai shiga gardamar ba. Sakatare ne, siriri mai tabarau, rigarsa sabuwar guga, filasta a tafin hannunsa na dama. Yana zaune a ƙarshen tebur yana kallon yatsunsa.

"Sakatare, kai ba ka da ra'ayi?"

"Aikina sauraro ne, yallaɓai."

Sufeto ya ɗaga mayafin motar da ke kusa da shi. A ragar gabanta ga bajon, zagaye, na tagulla, da lamba a tsakiya.

"Wannan fa, ana cire shi?"

Tsohon alƙali ya gyara zama. An zo fagensa.

"Ana cirewa, in an kama mota da abin da ba nata ba. Nan take, ba ɗaukaka ƙara. Kuma ba kowane hannu ke cirewa ba, Sakatare kaɗai. Ya kwance bajon, sannan ya mayar da notin biyu ramukansu ya ɗaure."

"Don me ake mayarwa?"

"Domin bajo na ƙungiya ne, noti na mota ne. Ba mu raba mota da notinta. Marigayi da kansa ya kafa wannan dokar, Allah ya jiƙansa."

"Waɗanda aka cire, ina suke?"

Alƙali ya nuna wani akwatin katako a kan kanta. Makullinsa yana wuyan Sakatare.

Ba sai da Sufeto ya roƙa ba. Sakatare ya tashi, ya ɗauko akwatin, ya ajiye a tsakiyar tebur, ya buɗe. Bajoji ne na mutanen da aka kunyata a shekarun baya, duk sun dushe. A samansu akwai ɗaya mai ƙyalli, lamba ɗaya. An goge shi sosai. Sufeto ya ɗaga shi zuwa haske. A cikin ramin notin, inda tsumma ba ya kaiwa, akwai wani abu ja da ya fara baƙi.

Dattawan suka miƙo wuya suna leƙe.

"Amma," in ji tsohon alƙali a ƙarshe, "a kan wane laifi aka cire?"

"Masta mai hanya biyu, ranka ya daɗe," in ji Sakatare. "An yi mata fenti, an ɗinka mata riga."

Hayaniyar da ta tashi ta fi wadda aka yi da aka ji mutuwar. Likitan haƙori ya ce dama shi ya daɗe yana zargi. Wani ya ce a kai shi ya gani da idonsa. Alƙali ya janye kujerarsa daga ta Ciyaman.

"Wa ya gaya maka?" in ji Sufeto. "Ni da Gwani da Oga kaɗai muka sani."

"Ni na gani." Sakatare ya cire tabarau ya ninke. "Zauna, yallaɓai, ba gudu zan yi ba. Ni na ɗauki makulli a jakar matata tana wanka. Ni na yanka. Ba don in taɓa shi da hannuna ba ne, wallahi. So nake ƙafarsa da hankalinsa su ishe shi, yadda ya ce za su ishi Mamana."

Haka yake kiran 'yar.

"Ran da muka binne ta, a tabarmar makoki, ya dafa kafaɗata ya ce, ƙanina, yarinya ce, ba ta iya sauke giya ba. Mutane na ji. Na ce haka ne, Yaya. Shekara da shekaru ina cewa haka ne, Yaya. Ina rubuta jawabinsa, ina cire wa mutane bajo. Na ce to, bari gwani ya nuna mini yadda ake saukewa.

"Na tsaya a kwanar. Na ji shi yana gangarowa. Na ji tiyon ya fashe. Sai motar ta tsaya, yallaɓai. Ta tsaya! Ya fito yana haki, ya sa dutse a taya, ya gan ni, ya ce ƙanina, ka ga gwaninta?

"Na ce Yaya, buɗe bonet. Ya ce ba yanzu ba. Na ce buɗe. Sai ya kwanta a kan bonet ɗin ya buɗe hannuwa, dattijo da shi, mutumin da yanzu ya tsallake mutuwa, yana cewa don girman Allah kar ka buɗe. Na ture shi na buɗe. Na yage rigar."

Ya kalli filastar hannunsa.

"Irin wadda na mayar kanti ce. Kamfani ɗaya.

"Ka san abin da ya ce? Bai ce yafe mini ba. Cewa ya yi, kar ka gaya wa 'yan ƙungiya.

"Na buɗe but na ɗauko sifana. Na ja shi gefe. Na farko a hannu ne, na ji ƙashin. Ya ce ƙanina. Na biyu ma a hannu. Daga nan ban ƙirga ba. Na san dai ya daina cewa ƙanina, ni kuma ban daina ba. Da hannuna ya gaji sai na ga bajon yana kallona. Sukudireba kullum tana aljihuna."

"Da ka bar bajon," in ji Sufeto, "da wani ne zai tafi kotu a madadinka."

"Ya za a yi in bar shi? Motar ba ta asali ba ce." Ya juya wajen dattawan. "Ku shaida, na mayar da noti."

Babu wanda ya ɗaga kai. Saje ya matso da ankwa yana ɗaga kafaɗa, ya damƙi wuyan rigar Sakatare, ya ɗaga hannu. Sufeto ya riƙe hannun.

"Ka yi na yau," ya ce. "Sa masa kawai."

Sakatare ya miƙa hannayensa. Kafin a fita da shi ya cire makullin akwatin daga wuyansa ya ajiye a kan tebur, ya daidaita shi da gefen akwatin.

Aka saki Gwani kafin a tashi aiki, hannunsa naɗe da tsumma, yatsun da yake riƙe sifana da su sun kumbura kamar ba nasa ba. Oga ya yaga takardar kotu ya sa a buga wata. Saje ya raka Gwani har ƙofa, ya ba shi shawarar ya riƙa faɗin gaskiya da wuri. A bakin ƙofa tsohon alƙali ya sanar da shi cewa ƙungiya ta yanke hulɗa da garejinsa.

Dattawan sun biyo ne don su ga mastar da idonsu. Suka kewaye motar, suka leƙa, suka girgiza kai. Alƙali, wanda yanzu ake ce wa Ciyaman na riƙo, ya yi ɗan jawabi a tsaye. Ya ce abin da ya faru ya ƙara tabbatar da aƙidar ƙungiya, domin da marigayi ya bar motar yadda kamfani ya ƙera ta, da ba a kashe shi da sifana ba.

Sufeto ya juya maganar a ransa ta kowace fuska, bai sami inda ta yi ƙarya ba.

Direban janwe ya taso daga inuwarsa yana kakkaɓe wando.

"Ranku ya daɗe, tun safe nake nan. Motar taku ce, ko? Wa zai sallame ni?"

Nan take waya ta kama dattawan. Wanda ba a kira ba ya kira wani. Alƙali ya bayyana, yana tafiya, cewa motar ta fita daga ƙungiya tun da safe.

A kan bencin da ke gaban kantar 'yan sanda Malama na zaune, ba wanda ya lura da zuwanta. A cinyarta leda biyu, ɗaya da magungunan hawan jinin mijinta, ɗaya da farin yadi a ninke. Ta ajiye su a gefe, ta taso, ta buɗe jakarta. Makullin gareji ya yi ƙara a ciki. Ba ta nemi ragi ba. Ta ba direban abin da ya ce, ta yi masa sannu da jira.

Sannan ta ɗauki ledojinta, ɗaya a kowane hannu, ta tsaya gaban Sufeto.

"Yallaɓai, wanne ake fara rufewa, nan ko mutuware? In san inda zan fara."